Bakolori: ranar da agogo ya ci karo da kasuwar Talata

1/ Jama'a, duk mai aikin karɓa-karɓa ya san wannan ciwon: an yi rasuwa a gida, ko likita ya ba ka rana, amma jadawali ya ce kana duti. A yankin Mafara wannan rigima tana da tarihi. Ku biyo ni.

2/ Sunan garin ma ya isa shaida. Talata Mafara, wato kasuwar da ke ci ran Talata. A da, da ranar kasuwa ake auna lokaci, da salloli biyar, da damina da rani. Manomi shi ke da ranarsa. In suna ya taso, sai ya ajiye fartanya ya tafi, gobe ya rama.

3/ Daga 1974 zuwa 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwan Bakolori a kan kogin Sakkwato, kusa da Maradun. Lokacin babu jihar Zamfara, sai 1996 aka ƙirƙire ta. Samarin ƙauyuka suka shiga aikin albashi, inda ake kiran suna da safe. Wanda bai zo ba, ranar ta bi ruwa.

4/ Manoman Mafara da Bakura su ma agogon ya same su. An hana da yawansu shuka yayin da ake daidaita filaye da haƙa magudanai, damina ta wuce su, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Kun ga ba ƙasa kaɗai aka karɓa ba, har da lokaci.

5/ Manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Birnin Tudu da kewaye. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙansu.

6/ Da noman rani ya kankama, sai wani jadawalin ya shigo: layin ruwa. In ranar ban ruwanka ta faɗo ran Talata ko ran ɗaurin auren ƙanwarka, to fa zaɓi ya rage naka. Ruwa ba ya jira. Mai buɗe ƙofar magudana da maigadi su ma haka.

7/ To me doka ta tanada? Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci hutun kwana 1 a cikin 7, da aƙalla kwana 6 na hutun shekara bayan wata 12 yana aiki, da kwana 12 na jinya in likita ya shaida. Hutun rasuwa kuwa, babu shi a ciki.

8/ Shi ya sa mutanenmu suka koma ga abin da suka gada, wato gayya. "Don Allah riƙe mini daren yau, zan riƙe maka na Alhamis." Da wannan musayar nas da direba da maigadi ke samun zuwa jana'iza har gobe.

9/ Amma wallahi alfarma ba haƙƙi ba ce. Wanda ba shi da aboki a wurin aiki, ko oga ba ya yi da shi, shi ke rasa sallar gawar mahaifinsa.

10/ Masu tsara jadawali, ku fitar da shi da wuri, ku rubuta ƙa'idar musaya kowa ya gani, ku ware kwanakin rasuwa. Ku kuma masu dutin dare, yaya kuke yi a wurinku?