Kanumfari: Abin da zanen furensa ke koya wa mai saye

A rumfunan masu kayan yaji na Sabon Gari da ke Keffi, kamar sauran kasuwannin Arewa, ana auna kanumfari ne a ƙulle-ƙulle domin zoɓo, kunu, shayi da yaji. Da yawa daga cikin masu saye na ɗauka ƙwayar iri ce ko ɗan itace. Alhali tohon fure ne da aka tsinka kafin ya buɗe, aka shanya.

Wani zane da ke nuna hakan shi ne na littafin Medizinal-Pflanzen, wanda Franz Eugen Köhler ya fara bugawa a garin Gera na Jamus a 1887 domin amfanin likitoci da masu haɗa magani.

Siffar itacen

Sunan kimiyya na kanumfari shi ne Syzygium aromaticum, kuma dangi ɗaya yake da gwaiba. Itace ne da ba ya kaɗe ganye, tsayinsa kan kai mita 8 zuwa 12. Zanen ya nuna reshe mai ganyaye bibbiyu suna fuskantar juna, da curin furanni a ƙarshensa. Kowane toho yana da doguwar gindi mai kama da ƙusa, da haƙora huɗu a sama, sai ɗan dunƙulen kai. Wannan kan ganyen fure ne guda huɗu da ke lulluɓe da zaruruwa masu yawa. Idan furen ya buɗe, murfin sai ya faɗi.

Tohon kan fara da kore, sannan ya koma ja. A nan ake tsinkarsa da hannu, a shanya a rana har ya yi launin ƙasa mai duhu. Idan aka bar shi a itace, yakan zama ɗa mai ƙwaya a ciki, wanda ƙamshinsa bai kai na tohon ba.

Asali da yaɗuwa

Asalinsa tsibiran Maluku ne na Indonesiya, irin su Ternate da Tidore. A ƙarni na 17 Turawan Holan sun taƙaita nomansa a yankin Ambon domin riƙe farashi, har sai da Bafaranshe Pierre Poivre ya sa aka fitar da dashensa zuwa tsibirin Mauritius a 1770. A farkon ƙarni na 19 ya isa Zanzibar da Pemba, inda Sarki Sayyid Sa'id ya bunƙasa gonakinsa. A yau Indonesiya ce kan gaba wajen nomansa, Madagaska da Tanzaniya kuma suna cikin manyan masu fitar da shi. Itacen na buƙatar laima da ruwan sama mai yawa, shi ya sa wanda ke kasuwanninmu shigo da shi ake yi. Sunan ma daga kalmar Larabci “ƙaranful” Hausawa suka aro shi.

Gane mai kyau

Ƙamshi da zafinsa suna fitowa ne daga mai da ke cikinsa, wanda mafi yawansa sinadarin yujinol ne. Akan gauraya kanumfari da sanduna, ko da wanda aka riga aka tatse mansa. Mai kyau yana da kansa a jiki, kuma idan aka danna gindinsa da farce sai maiƙo ya fito. A cikin ruwa yakan nutse ko ya tsaya a tsaye, wanda aka tatse kuwa sai ya kwanta a sama.

Likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da yujinol wajen rage zogi, amma ba ya warkar da ruɓewar haƙori. Shan tataccen man kanumfari na iya lalata hanta, musamman ga ƙananan yara, don haka a ajiye shi inda hannunsu ba zai kai ba.