Wa Ya Ba Ka Wannan Ƙungiya? Tarihin Son Ƙwallo a Tsakanin Hausawan Lome



Kwanakin baya aka kawo wa maigida ƙarar samari biyu da suka dambace a gidan kallon ƙwallo, har aka karya benci, aka ɗinke goshin ɗaya. Layinsu ɗaya a nan Kodjoviakopé, allonsu ɗaya, a gaban malami ɗaya suka yi sauka. Abin da ya haɗa su shi ne wannan na Arsenal ne, wancan na Chelsea. Ina gefe da littafi ina rubuta bayani kamar yadda aikina yake, sai maigida ya bar zancen wanda ya fara duka, ya dubi na farkon ya ce, "Kai yaro, wa ya ba ka wannan ƙungiya?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, yayana ne." Na biyun ya ce shi saboda Essien ya shiga, tun yana ƙarami. Babu wanda ya taɓa taka Landan a cikinsu.

Tambayar nan ta daɗe tana yi mini yawo a rai, domin maigida bai ce wace ka zaɓa ba, cewa ya yi wa ya ba ka. Da na bi tarihin yadda mutanenmu suka shiga son ƙwallo a wannan gari, sai na ga maganarsa ta fi ta masana kusa da gaskiya.

Kakanninmu fatake ne da suka sauko bakin teku da goro da shanu da tufafi, suka kafa Zango a Lome tun zamanin Jamus, waɗanda suka mai da garin hedikwatarsu a 1897. Baƙon da ya iso Zango ba ya zaɓen inda zai sauka. Ta ƙofar wani yake shiga: mai masaukin da mahaifinsa ya sani, ko wanda madugu ya miƙa shi gare shi. Idan ya daɗe sai a riƙa kiransa yaron gidan wane, abokan gidan su zama nasa, abokan gabar gidan ma haka. Ta irin wannan ƙofa ƙwallo ta shigo mana.

Da fari dattawanmu ba su ɗauke ta da daraja ba. Tamaula suke ce mata, wasan 'yan makarantar mishan da ma'aikatan gwamnati. Tsofaffin ƙungiyoyin gari irin su Étoile Filante, wadda aka kafa a 1932, da Modèle, na 'yan ƙasa ne mutanen kudu. Amma a 1968 Étoile Filante ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka, ta haɗu da Englebert ta Lubumbashi, wadda yau ake kira TP Mazembe. An ci ta 5 da 0 a Kwango, ta dawo Lome ta ci 4 da 1, kofin ya kuɓuce mata da ƙwallo biyu. Tsofaffin da suka ga wannan rana, har da 'yan Zango da abokan kasuwa suka ja su zuwa fili, sun mutu suna ba da labarinta kamar ranar nasara. Wannan shi ne abu na farko da na lura da shi: kusan-samu ya fi samu ɗaure zuciya.

Sai dai babbar ƙofar da iyayenmu suka bi tana yamma ne. Wanda ya san Kodjoviakopé ya san cewa daga ƙarshen unguwar sai Aflao, ƙasar Gana. Ladanin can ana jinsa a nan. Masu fataucin goro rabin rayuwarsu a Kumasi take, can suke da masauki da surukai, saboda haka suka dawo da son Asante Kotoko a cikin kayansu. Waɗanda harkarsu ta fi karkata Ankara, wajen 'yan uwa a Nima da Sabon Zango, suka ɗauko Hearts of Oak. Ita Hearts tun 1911 take, Kotoko kuwa 1935. Abin da ya ƙara wa Kotoko farin jini a Zango shi ne Baba Yara, ɗan Zangon Kumasi, wanda aka yi wa laƙabi da sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. A 1963, bayan an ɗauke shi zuwa Real Republicans, motarsu ta yi haɗari a Kpeve, cikin jihar Volta da ke maƙwabtaka da mu, ya shanye, ya rasu a 1969. Yau babban filin Kumasi sunansa yake ɗauke da shi. Ɗan Zango da ya ji suna irin na gidansu ana kiransa a rediyo da girmamawa, ba sai an roƙe shi ya so ƙungiyar ba. Ko a shekarun 1980 da aka riƙa rufe iyakar ƙasashen biyu, soja na iya tsare mutum, amma ba ya tsare muryar mai sharhi. Ranar Lahadi da yamma rediyon Gana ne ke tashi a shagunan teloli.

Ni kaina ta wata ƙofa dabam na shiga. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango na tsakiyar gari, aka kwashe jama'a zuwa bayan gari ta arewa, wasu gidaje kuma suka watsu cikin unguwanni, namu a ciki. Ina yaro lokacin. Kawuna direba ne a hanyar Sokode, kuma shi ya fara kai ni fili ranar da Semassi ta zo Lome. Sunan ƙungiyar na mayaƙan dawakin Kotokoli ne na da, garinsu garin Musulmi, 'yan wasansu da sunaye irin namu. Mutanen da aka tayar daga muhallinsu suka ga ƙungiyar arewa tana zuwa babban birni tana ɗaukar kofi. Ban san dokar satar gida ba a ranar, ban san sunan kowa ba. Na dai ga kawuna, mutum mai kunya wanda ba ya ɗaga murya ko a gidansa, ya miƙe tsaye yana ihu, hularsa a hannu. Daga ranar na zama na Semassi, kuma shekara arba'in da ɗoriya ba su canza ni ba.

A 1983 Agaza ta Lome ta kai wasan ƙarshe na kofin masu kofuna na Afirka, Arab Contractors ta Masar ta doke ta. A shekarar da ta biyo Semassi ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakaru, ta faɗa hannun Shooting Stars ta Ibadan. (Abin dariya, ma'anar sunan nan da na Étoile Filante ɗaya ce, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci.) A makon wasan ne wani maƙwabci ya tare ni da tambayar da kowane ɗan Zango ya sani: ku yau wa kuke so, Togo ko Najeriya? Wasa yake yi, amma ƙarƙashin wasan akwai tsohuwar magana, cewa mu baƙi ne ko da an binne kakanninmu a nan. Shooting Stars ce ta wuce. Na yi kuka a ranar, kuma ina jin kukan ya amsa masa fiye da duk takardar haihuwa da zan nuna.

Ranar da tambayar ta yi shiru gaba ɗaya ita ce 8 ga Oktoba 2005. Shekara ce mai nauyi: Shugaba Eyadéma ya rasu a Fabrairu, rikicin zaɓe ya biyo baya, dubban mutane suka tsallaka Gana da Binin. A cikin wannan hali Éperviers, wato Shirwayen Togo, suka ci Kwango 3 da 2 a Brazzaville suka sami gurbin kofin duniya, suka bar Senegal a baya. Dubi waɗanda suka yi aikin. Mai horarwa Stephen Keshi ɗan Najeriya ne. Emmanuel Adebayor, iyayensa Yarabawa, a ƙurar Kodjoviakopé ya tashi. Mohamed Kader, ɗan Sokode, shi ne kuma ya ci wa Togo ƙwallo a ragar Koriya ta Kudu a Frankfurt ranar 13 ga Yuni 2006, wadda har yau ita kaɗai ce ƙwallon ƙasar nan a kofin duniya. An ci mu 2 da 1, Suwizalan da Faransa kuma kowacce ta ci mu 2 da 0, ga rigimar kuɗin 'yan wasa da ta kunyata mu a idon duniya. Duk da haka ban taɓa ganin tutar Togo a ƙofar gidajen Hausawa kamar a wannan damina ba.

To, daga nan ne labarin samarinmu biyu ya faro. Tauraron ɗan'adam ya shigo, gidajen kallo suka buɗe a kowane lungu, da kuɗi kaɗan yaro zai zauna a benci ya ga Ingila. Nwankwo Kanu ya riga ya share wa Arsenal hanya tun 1999. Drogba ya je Chelsea a 2004, Essien ya bi shi a 2005, sai masu jinin Gana suka karkata can. A Janairun 2006 Adebayor ya koma Arsenal daga Monaco, unguwar nan ta zama ja kusan baki ɗaya. Ai dole: mutumin da tsofaffi suka sani yana yawo ba takalmi a bakin teku, ga shi ya ci ƙwallo 30 a kaka ɗaya, ga shi an naɗa shi gwarzon Afirka na 2008.

Jarrabawa ta zo a 2009, da ya koma Manchester City. A watan Satumba ƙungiyoyin biyu suka haɗu, ya ci Arsenal, ya ruga tun daga wannan ƙarshen fili zuwa wancan, ya zube a gwiwa gaban magoya bayan tsohuwar ƙungiyarsa. Ina cikin gidan kallo a ranar. Ɗakin ya rabu biyu. Wasu suka tashi da murna, domin ɗan unguwa suke bi, duk inda ya sa gaba nan alƙiblarsu take. Daga baya suka bi shi Real Madrid, suka bi shi Tottenham, da ya yi ritaya suka rasa gida. Wasu kuwa suka zauna shiru, ransu a ɓace, suna jin haushin yaron da saboda shi suka shigo. A wannan sa'a suka gane cewa wanda ya kawo su ya fita, su kuma sun zauna. Shekara uku na zama benci ɗaya, da tsokanar abokan hamayya ranar Litinin a kasuwa, da kwana da baƙin ciki tare, sun riga sun yi aikinsu. Yayan yaron da aka ɗinke wa goshi yana cikin waɗanda suka zauna, kuma su ne suka jure dogon farin kofi da ya biyo baya.

Wanda ya karanta Muƙaddima ta Ibn Khaldun ba zai yi mamaki ba. Malamin ya yi bayani cewa asabiyya, wato kishin jama'a, tushenta jini ne, amma wala'i da ƙawance da daɗewar cuɗanya suna haifar da irinta, domin amfanin nasaba kansa yana cikin kusanci ne. Ya kuma san cewa abin da ke haɗa na ciki shi ne ke kafa katanga ga na waje. Malamanmu da ke tsawatarwa a kan ƙwallo suna da hujja a nan, kuma ba zan ɓoye ba, ina tare da su a kan abu biyu: sallar Magariba da ake haɗiyewa saboda minti goma na ƙarshe, da cacar wayar hannu da ta shigo kwanan nan. Mai caca ba masoyin ƙungiya ba ne, yau yana nan gobe yana can, inda riba take.

Akwai kuma abin da ya fi nasara ɗaure mutane, shi ne makoki. Ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts da Kotoko a Ankara, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi a rufe, fiye da mutum 120 suka mutu, da yawansu Musulmin Nima. An yi zaman ta'aziyya har a gidajenmu na nan. A Yunin 2007 jirgi mai saukar ungulu ya faɗi a Lungi ta Saliyo ɗauke da magoya bayan Togo da ministan wasanni Richard Attipoé, suna dawowa daga wasan da muka ci. Ranar 8 ga Janairu 2010 'yan bindiga suka buɗe wa motar 'yan wasanmu wuta a Cabinda ta Angola, aka yi asarar rayuka, mai tsaron gida Kodjovi Obilalé bai sake buga wasa ba. A Nuwamban 2011 motar Étoile Filante ta kife ta kama wuta a hanyarta ta zuwa Sokode, inda za ta kara da Semassi. Ni na Semassi ne, amma tun ranar bakina bai sake iya zagin Étoile ba. Allah Ya ji ƙan Musulmin cikinsu, Ya ba iyalan kowa haƙuri.

Abin da ke damuna shi ne wannan gado yana yankewa ta gefe ɗaya. A Kano har yanzu yaro yana iya son Arsenal a talabijin, ranar wasa kuma ya cika filin Sani Abacha yana kiran Sai Masu Gida saboda Pillars. A nan filin Kégué, da aka buɗe a 2000, sai ƙungiyar ƙasa ke cika shi. Da maigida ya nemi samarin su ambaci ɗan wasa ɗaya na Semassi ko ASKO ta Kara, ba wanda ya iya. Laifin ba nasu ba ne. Kawuna ya riƙe hannuna ya kai ni fili, ni kuwa da na duba, ban taɓa kai ɗana ko sau ɗaya ba.

Hukuncin maigida bai yi tsawo ba. Ya ce su raba kuɗin benci da na asibiti biyu, su yi musafaha a gabansa, kuma kada a sake ganin ɗayansu a gidan kallo har wata ya kama. Suka yi godiya suka tashi. Har sun kai zaure ya kira ni ya rage murya, ya ce in bincika masa ko Kotoko tana da wasa a wannan Lahadi.