Gudun Bushiya a Tafin Hannu: Labarin Sonic Advance 2

A ranar 31 ga Janairun 2001 kamfanin Sega na ƙasar Japan ya sanar da cewa zai daina ƙera na'urar wasan bidiyo. Na'urarsa ta ƙarshe, Dreamcast, wadda ta fito a ƙarshen 1998, ta kasa ja da PlayStation 2 ta kamfanin Sony, asara kuma ta yi wa kamfanin katutu. Daga wannan rana sai dai Sega ya riƙa shirya wasanni yana kai wa na'urorin waɗansu. Wanda bai san abin da ya gabata ba zai ɗauka labarin kasuwanci ne kawai. Amma shekara goma kafin nan, Sega da Nintendo kishiyoyi ne da ba sa ga maciji. A 1991 Sega ya fito da Sonic, shuɗin bushiya mai jajayen takalma, musamman domin ya ƙure Mario na Nintendo. Yuji Naka ne ya rubuta manhajar wasan, Naoto Ohshima ya zana surar, Hirokazu Yasuhara ya tsara filayen. Duk tallan da aka yi wa Sonic a kan abu ɗaya ya tsaya: Mario tafiya yake yi, namu gudu yake yi.

To, ga shi a watan Disamban 2001 Sonic ya kwana a gidan kishiya. Wasan Sonic Advance ya fito a kan Game Boy Advance, 'yar na'urar hannu ta Nintendo mai cin batir biyu. Sega bai yi aikin shi kaɗai ba. Ya haɗa sashensa na Sonic Team da wani sabon kamfani da ke Osaka mai suna Dimps, wanda Takashi Nishiyama ya kafa a 2000. Nishiyama shi ne ya jagoranci Street Fighter na farko a kamfanin Capcom a 1987, daga baya ya koma SNK, inda aka yi Sonic Pocket Adventure a 1999. Wasan farkon nan ya yi kyau, amma da taka-tsantsan aka yi shi, kamar baƙon da ya shiga gidan surukai. Ya bi sawun tsofaffin wasannin Mega Drive: a yi gudu kaɗan, a tsaya, a auna tsalle, a ci gaba.

Na biyun ne ya cire kunya. Sonic Advance 2 ya fito a Japan a Disamban 2002, ya isa Amurka da Turai a Maris na 2003. Filayensa sun ninka na farko girma, kuma kusan kowane lungu nasu an gina shi ne domin kada ƙafa ta tsaya. Gangara tana miƙa ka ga da'ira, da'ira ta miƙa ka ga wani ƙarfe mai cilla mutum sama, kana dirowa ka tarar da dogon bututun da za ka zame a kai. Idan ka daɗe kana gudu ba tare da tuntuɓe ba, sai ka ji wata ƙara kamar an fasa iska, inuwoyin Sonic su jeru a bayansa, gudun ya ƙaru. Yawan zobban zinariyar da ka tara shi ke sa ka kai wannan mataki da wuri. A nan daɗin wasan yake. Gudun ba kyauta ake ba ka shi ba, tara shi kake yi, kuma ƙaya guda ɗaya da ka taka ta isa ta watsar da zobban, ta mayar da kai tafiyar kowa da kowa. Akwai kuma maɓallin R da ke kafaɗar na'urar: in an cilla ka sama ka danna shi, sai Sonic ya yi wata alkafura da za ta ƙara masa tsawo ko nisa, ya kai ga hanyar sama wadda ta fi sauri da aminci.

Hatta faɗa da Dakta Eggman, mugun wasan, a guje ake yin sa. A wasannin baya fili ake rufewa, kai da motarsa ku yi ta zagaye. A nan kuwa motar ce ke gudu a gaba, kai kana bin ta, ƙasa tana wucewa ƙarƙashinku, kana neman tazarar da za ka daka tsalle ka buge shi. In ka yi sakaci ya yi maka nisa. Na tabbata wannan dabara ce ta fi komai nuna abin da masu wasan suka sa a gaba.

Sai dai akwai matsalar da lissafi kawai ya isa ya bayyana ta. Fuskar Game Boy Advance ɗigo 240 ce a kwance, 160 a tsaye. Tsofaffin wasannin Sonic a talabijin suna da 320 a kwance da 224 a tsaye. Ke nan an ƙara gudu, an kuma rage abin da ido ke hange. Ga shi fuskar na'urar ta farko ba ta da fitila, sai ka nemi inda haske yake ka karkata ta. Sai a 2003 aka fito da samfurin SP mai naɗewa da fitila da batirin caji. Sau da yawa maƙiyi ko rami yakan bayyana lokacin da ya riga ya yi latti. A filayen farko, Leaf Forest da Hot Crater, abin da sauƙi. Music Plant, inda ake tsalle a kan kayan kiɗa kowane taku yana ba da sauti, nishaɗi ne zalla. Amma da an kai Sky Canyon, fili na biyar cikin bakwai, sai ƙasa ta ƙare, ramuka marasa iyaka su cika ko'ina, kuma injin da ke jira a ƙarshensa yana da hannun da kan kashe ɗan wasa da mari ɗaya ko da yana riƙe da zobba. Yara da yawa a nan tafiyarsu ta tsaya.

Masu suka sun ce wasan danna dama ne kawai ka zuba ido. A ganina rabin gaskiya suka faɗa. Karo na farko, haka ne, wasan yana ja kana bi. Amma ba don a buga shi sau ɗaya aka yi shi ba. Kowane fili minti biyu ne zuwa uku ga wanda ya san hanya, daidai zaman jirgin ƙasa tsakanin tasha da tasha. Ka faɗa rami yau, gobe ka tuna inda yake, jibi yatsanka ya yi tsallen tun kafin ido ya gani. Abin ya fi kama da hadda, ko koyon kiɗa, fiye da kallon hanya. Wanda ya haddace Ice Paradise har ya ratsa shi ba tare da inuwoyin nan sun ɓace daga bayansa ba, shi ya san abin da ake yabo.

Inda ba zan kare su ba shi ne batun duwatsun Chaos guda bakwai. Kafin ka shiga filin neman dutse ɗaya, sai ka tsinci wasu zobba na musamman guda bakwai da aka ɓoye a fili, duka a tafiya ɗaya, ba tare da ka mutu ba. A wasan da ke tura ka gaba, inda sau da yawa babu halin komawa baya, wannan tamkar a ce wa mai sukuwa ya tsinci allura ne. Kuma in kana son buɗe Amy Rose, sai ka tara duwatsun da kowane ɗaya daga cikin taurari huɗu. Wahalar ta wuce ladan.

Wataƙila sun san da zafin wasan, shi ya sa suka kawo Cream, 'yar zomanya mai tashi sama da kunnuwanta, wadda a nan aka fara buga wasa da ita. Ita ake fara ceta a ƙarshen Leaf Forest, kafin Tails da Knuckles. Tana tafe da ɗan abokinta Cheese, wanda ake aikawa ya bugi maƙiyi daga nesa. Da ita, faɗan da ke sa manya gumi yakan ƙare cikin ɗan lokaci. Babu inda aka rubuta cewa ita ce hanyar masu koyo, amma kowane ƙaramin yaro ya gane.

Abin da aka gwada a wannan ɗan kaset bai tsaya a nan ba. Sonic Advance 3 ya biyo baya a 2004, ya ɗan rage gudun. A 2005 Dimps suka yi Sonic Rush a kan Nintendo DS, suka mayar da wancan gudun da ake tarawa ya zama maɓalli: danna kawai, ka tashi kamar harsashi. A 2008 Sonic Unleashed ya kai wannan maɓalli manyan na'urorin talabijin, kuma a kansa aka gina yawancin manyan wasannin Sonic na shekarun da suka biyo. Har yau masoya wasan suna gardama a kan ko an ci riba da wannan sauyi. Ni dai na fi son na 2002, inda sai ka yi aiki kafin iska ta fashe.

Mai karatu da ke riƙe da waya yanzu ya san ɗanɗanon abin ko da bai taɓa ganin Game Boy Advance ba. Temple Run na 2011, Subway Surfers na 2012, da Sonic Dash na Sega kansa a 2013, duk gudu ne marar tsayawa a ƙaramar fuska, na 'yan mintuna, a faɗi a sake. Bambancin shi ne a waɗannan hanya tana sauyawa kowane karo, ba ta da ƙarshe, tauraron kuma da kansa yake gudu. A Sonic Advance 2 mutane ne suka zauna suka dasa kowace gangara da kowane rami a inda yake, ramin Sky Canyon da ya cinye ka jiya yana nan a wurinsa yau, kuma in ka ɗaga yatsa daga maɓallin dama, bushiyar tsayawa take yi.