2.3 Tarihin Gano Matsayin Gishirin Matsarmama a Cutar Dubin-Johnson

A shekarar 1954 ne wasu likitoci biyu na cibiyar binciken cututtuka ta sojojin Amurka da ke Washinton, wato Dubin da Johnson, suka fitar da bayanin majiyyata 12 masu fama da shawarar da ba ta rabuwa da su. Da aka duba hantar waɗannan mutane sai aka tarar ta yi baƙi wuluk, amma tana aikinta. A wannan shekara Sprinz da Nelson su ma suka kawo irin wannan bayani. Daga baya aka tabbatar cewa gadon cutar ake yi daga uwa da uba, kuma ta fi yawa a tsakanin Yahudawan Iran.

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne rashin ƙaiƙayi. A bisa al'ada, in hanyar matsarmama ta toshe, sinadarin bilirubin mai sa ido ya yi rawaya da gishirin matsarmama tare suke taruwa a jini, majiyyaci ya yi ta susa. A nan kuwa ga shawara, babu susa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin likitan da bai san cutar ba yana iya zaton toshewa ce, ya yi wa mutum tiyata a banza.

Amsar ta fara fitowa ne daga dabbobi. A 1969 Arias da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu tumaki jinsin Corriedale masu irin wannan lalura suna fitar da gishirin lafiya lau, alhali bilirubin na maƙalewa. Ke nan ƙofa biyu ce hanta ke da ita, ba ɗaya ba. Sai dai an ɗauki kusan shekara talatin kafin a san ƙofofin da sunayensu. A 1996 da 1997 aka gano cewa furotin mai suna MRP2 ne ya lalace a masu cutar, sannan a 1998 aka bayyana BSEP, wanda shi ke tura yawancin gishirin waje.

Yaran da aka haifa da lalatacciyar ƙofar BSEP su ne ke shan wuya, don gishirin yana cin hantarsu har wasu su bukaci dashe tun suna ƙanana. Mai Dubin-Johnson kuwa yawanci yakan tsufa da shawararsa ba tare da shan magani ba.