Waƙar Ɗan Cirani a Hanyar Illela

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1906 ta raba Birnin Ƙonni da ƙasar Sakkwato, amma ba ta tsayar da ɗan cirani ba. Da an gama girbi Adarawa ke ratsowa ta Illela su nausa kudu. Bature Prothero ya ƙirga masu cin rani a 1952 zuwa 1953. Kawuna ya ƙirga, bai rubuta waƙarsu ba. A ganina makarantar adabinsu ita ce dandalin dambe, inda kalangu ke tashi, mawaƙa irin su Ɗan Anace suna kirari. Da aka rufe iyaka a 2019 da 2023, asarar shanu da albasa aka yi ta lissafawa. Ni kuwa damuwata tsofaffin da suka haddace waƙoƙin wannan hanya, waɗanda ke ƙarewa ba a zauna da su da alƙalami ba.