Daga Rawar Ƙafar Ƙuda zuwa Jijjigar Jarirai

A shekarar 1964, likitan yara Andreas Rett na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya wallafa bayanin wani iyali da jariransu ke fara jijjiga a rana ta uku da haihuwa. Bayan 'yan makonni ko watanni sai abin ya lafa, yaro ya tashi lafiya lau. Gado ne, wannan kam a fili yake, amma abin da ake gadon ya gagari likitocin zamanin.

Bakin zaren daga wurin ƙuda ya fito. Masu binciken gado suna kiwon wani nau'in ƙudan 'ya'yan itace da suka laƙaba wa suna Shaker, saboda da zarar an shaƙa masa iskar sa barci sai ƙafafunsa su kama rawa. A 1987 Lily Jan da mijinta Yuh Nung Jan, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, tare da wasu masana a Amurka da Jamus, suka ware ƙwayar gadon da ta samu tangarɗa. Ashe ita ke ƙera wata 'yar ƙofa a jikin jijiya wadda sinadarin fotasiyam ke fita ta cikinta. Shigar sodiyam ce ke tayar da saƙo a jijiya, fitar fotasiyam kuma ita ke kwantar da ita. In ƙofar ta ƙi buɗuwa yadda ya kamata, jijiya ba ta samun sukuni.

Shekara bakwai bayan haka, a 1994, David Browne da Michael Litt a jihar Oregon suka gano irin wannan tangarɗa a ɗan'adam, a ƙwayar gadon KCNA1, 'yar'uwar ta ƙudan. Masu ɗauke da ita, firgita ko motsa jiki kan jefa su cikin tangaɗi da sarƙewar harshe na 'yan daƙiƙu ko mintoci, naman gefen ido da na hannu kuma yana yawan motsi da kansa. Uwa ko uba ɗaya ya isa ya gadar wa ɗa.

Sai a 1998 aka warware matsalar jariran Rett, lokacin da masana a Yuta da Jamus suka gano tangarɗa a wasu ƙwayoyin gado biyu da su ma ke ƙera ƙofar fotasiyam: KCNQ2 a kuromosom na 20, da KCNQ3 a na 8.

A ganina an yi garajen ɗaukar ciwon a matsayin mai sauƙi. A 2012 Sarah Weckhuysen da abokan aikinta a Beljiyam suka nuna cewa wannan KCNQ2 ɗin kan haddasa farfaɗiya mai tsanani tun makon farko, tare da naƙasar ƙwaƙwalwa. Yawancin waɗannan yara ba daga iyaye suka gada ba, a jikinsu tangarɗar ta fara.

Maganin da ke buɗe ƙofar kai tsaye, retigabine, ya shiga kasuwa a 2011, amma aka lura yana mai da fata da leɓe shuɗi, yana kuma taɓa ido. A 2017 kamfanin da ke sarrafa shi ya daina yin sa saboda ƙarancin masu amfani da shi. Yau likitoci da dama sun fi dogara da carbamazepine, tsohon maganin farfaɗiya tun shekarun 1960, wanda ba ruwansa da ƙofar fotasiyam, ta sodiyam yake tarewa.