Tarihin UUCP: Yadda Kwamfutoci Suka Riƙa Kiran Juna ta Wayar Tarho

Kafin intanet ta game duniya, kwamfutocin da ke nesa da juna sun dogara ne ga wayar tarho wajen musayar fayil. Tsarin da ya fi shahara a wannan fage shi ne UUCP, wanda Mike Lesk ya rubuta a Bell Laboratories da ke Amurka, aka kuma fitar da shi tare da fitowa ta bakwai ta manhajar Unix a 1979. A 1983 Peter Honeyman da David Nowitz da Brian Redman suka sake masa zubi, sannan Ian Lance Taylor ya samar da nasa na kyauta a 1991.

Wahalar aikin tana wajen shiri ne. Mai kula da na'ura zai buɗe wani fayil da ake kira L.sys, ya rubuta layi guda ga kowace kwamfutar da za a kira: sunanta, da lokacin da aka yarda a kira ta, da saurin modam, da lambar tarho. Daga nan sai jerin kalmomin gaisuwa, wato abin da na'urar za ta saurara da amsar da za ta mayar. A nan akwai wata dabara da ya kamata masu nazarin harshe su lura da ita. Maimakon login, akan rubuta ogin, domin harafin farko yana iya zuwa babba ko ƙarami, ko kuma ƙarar layi ta cinye shi. Na'ura ba ta san fahimta daga muhallin magana ba. Harafi ɗaya ya saɓa, sai ta yi ta jira har wa'adi ya cika, ta katse.

Saƙonni kan taru da rana, a tura su cikin dare lokacin da kuɗin kira ya sauka. Da modam mai ɗaukar bit 1200 a daƙiƙa, wato kimanin haruffa 120, rubutu mai haruffa 36,000 kan ci minti 5 ko fiye, kuma kowane minti kuɗi ne. Saboda haka ba a kiran nesa kai tsaye sai dole. Kowace na'ura kan miƙa wa maƙwabciyarta, tamkar fatake daga zango zuwa zango, kuma mai aikawa ne ke jera sunayen zangunan, yana raba su da alamar motsin rai. Zango ɗaya ya mutu, wasiƙa ta maƙale kwanaki.

A kan wannan tsari ne Tom Truscott da Jim Ellis na Jami'ar Duke suka gina Usenet a 1980. A Afirka ma, Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta soma musayar wasiƙu a ƙarshen shekarun 1980 ta hanyar kiran gidan Randy Bush a Portland, da farko ta FidoNet, daga baya ta UUCP. Sai dai wasiƙun wancan zamani da ASCII ake rubuta su, mai gurabe 128 kacal, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Waɗannan haruffa sai a farkon shekarun 1990 Unicode ya ba su gurbi.